Fenti da haddar "A, B, C" ba su ne ingancin ajin share fage ba

Da za a ce ka kwatanta ajin share fage na wata firamaren gwamnati a cikin garin Haɗeja da na wata a Auyo ko Guri, me za ka fara dubawa? Yawancinmu gini za mu kalla: akwai fenti? Akwai kujeru? Sai a tashi yara su rera "A, B, C", su ƙirga ɗaya zuwa ashirin da Turanci, mu ce madalla, wannan makaranta ta fi. To, ni dai ina ganin wannan ma'aunin yana yaudararmu.

Dokar UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, sannan manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara ɗaya kafin shiga aji ɗaya, malami ɗaya ga yara 25, a kuma koyar da harshen uwa ko na yankin. Ka ga ke nan, ko a takardar gwamnati ta 2013 rera Turanci bai kasance abin nema ba.

Kuskure na farko shi ne auna abin da ido ke gani a bar abin da ke faruwa tsakanin malama da yaro. Tana yi wa yaro tambayar da sai ya yi tunani kafin ya amsa? Tana jiran amsarsa? Akwai tatsuniya, da ƙirga duwatsu ko ƙwallon dabino da hannu, ko kuwa bulala ce ke riƙe da ajin? A Ghana, Sharon Wolf da abokan aikinta sun yi gwaji a makarantu 240 na yankin Accra, na gwamnati da masu zaman kansu. Ba su gina aji ko ɗaya ba, malamai kawai aka horar kan koyarwa ta hanyar wasa da sauraron yaro, sai ga shi yanayin aji ya gyaru, shirin yara na shiga firamare ma ya ƙaru. A Amurka kuwa, binciken da ya bibiyi yara kusan 3,000 a jihar Tennessee ya nuna a 2022 cewa waɗanda suka samu gurbi a ajin share fage na jihar sun koma bayan takwarorinsu a jarrabawa zuwa aji shida. Wato samun aji kaɗai ba ya wadatarwa.

Kuskure na biyu: ba ma tambayar daga ina yaron ya taso. Ɗan ma'aikaci a cikin gari, wanda yayyensa ke karatu a gabansa kullum, ya shigo aji da guzurinsa. Ɗan masunci a Kiri Kasamma wataƙila ranar ce ya fara riƙe fensir. Idan ka gwada su a ƙarshen shekara kawai, gidajensu ka auna, ba malamansu ba. Abin da ya kamata shi ne a gwada yaro farkon zango, a sake gwada shi a ƙarshe, a ga tazarar da ya ci. Ta yiwu malamar ƙauyen da muke rainawa ita ce ta fi kowa aiki.

Na uku kuma ya shafi ƙasarmu kai tsaye: ruwa. Shekarar karatu na farawa a watan Satumba, daidai lokacin da kogin Haɗeja ke cika. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san yadda hanyoyi ke yankewa, azuzuwa kuma su zama masaukin waɗanda ruwa ya kora daga gidajensu. Babban yaro zai iya shiga kwalekwale ya je makaranta, amma wace uwa ce za ta bar ɗan shekara biyar? Ga zazzaɓin cizon sauro da ke yawaita a wannan lokacin. Kwatancin da bai ƙirga kwanakin da aji ya buɗe ba, da kwanakin da yaro ya halarta, zalunci ne ga garuruwan bakin fadama.

Kada ka ce na raina gini. Rufin da ba ya yoyo, bayan gida mai tsafta da ruwan sha dole ne. Amma su ne mafari. Matsalar ita ce kuɗi na bin abin da aka auna: idan fenti muke yabawa, fenti za a ci gaba da saye, horar da malamai kuma ya sha kashi.

Kayan auna ingancin aji suna nan, irin su MELQO da UNESCO da UNICEF da Bankin Duniya suka haɗa hannu wajen samarwa. Hukumar SUBEB a Dutse za ta iya mayar da irinsu Hausa, ta gwada a ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja. Kafin nan, kai ma kana da abin yi. Ranar da ka raka ƙaninka ko 'yarka makaranta, nemi izini ka zauna a bayan aji na minti talatin. Ƙirga yaran. Ƙirga sau nawa malama ta yi tambaya ta tsaya ta saurari amsa. Sannan ka tambayi hedimasta kwana nawa ajin ya yi a rufe a daminar bara.