STOMP: kiɗa ne ko hayaniya?



STOMP wasan dandamali ne da Luke Cresswell da Steve McNicholas suka ƙirƙira a Brighton ta Ingila a 1991. Ba ganga, ba kalangu, ba magana. Kayan kiɗansu tsintsiya, kwalin ashana, durom da murfin kwandon shara.

Wasu na cewa ai bugu ne kawai. A'a fa! Bugu kan zo sau ɗaya, ba tsari. Kiɗa kuwa sai sauti ya maimaitu bisa ƙa'ida. Ku dubi fitowarsu ta tsintsiya: ɗaya ya fara shara, wani ya amsa masa, kafin ka ankara dandamali ya ɗauka. Wannan kiɗa ne, kamar lugude da kiɗan ƙwarya, alhali turmi da ƙwarya kayan aikin gida ne.

Inda wasan ya gaza: yawancin fitowar salonta ɗaya, a fara a hankali, a ƙare da rugugi. Da yake babu labari, mai kallo kan riga su sanin ƙarshe. A ganina, ɗan sautin ashana ya fi ƙarar durom gwaninta, don shi ke sa ka kasa kunne.

To, me za mu kira shi? "Kiɗan shara" na da harshen damo: sharewa ko bola? Na fi son "kiɗan tarkace". Kuma a rubuta da ɗ mai lanƙwasa, ba "kida" ba.

Ku fa, wane suna kuka zaɓa?