Biri Ya Yi Kama Da Mutum, Sai Me?

Raymond Tallis ba malamin addini ba ne. Hasali ma bai yarda da samuwar Ubangiji ba, kuma ba ya ɓoye hakan. Likita ne ɗan Ingila, haifaffen Liverpool a 1946, wanda ya daɗe yana farfesan lafiyar tsofaffi a Jami'ar Manchester, yana fama da masu shanyewar ɓarin jiki da masu farfaɗiya, har ya ajiye aiki a 2006 ya rungumi alƙalami. Wannan ne ya ba littafinsa Aping Mankind, wanda ya fito a 2011, nauyi na musamman. Mutumin da ya san ƙwaƙwalwa ciki da bai ne ya tashi yana cewa an cika mata kaya.

Tallis bai ja da Darwin ba. Ya yarda da juyin halitta, ya yarda jikinmu da na gwaggon biri dangin juna ne. Rigimarsa da masu tsalle ce, waɗanda daga jin asalin abu sai su ce sun gama saninsa: soyayya dabarar yaɗa iri ce, kyauta son kai ne a ɓoye, waƙa kuwa kiran mace ne irin na tsuntsu. Ya sa John Gray, marubucin Straw Dogs na 2002, a gaba, bai kuma raga masa ba.

Inda littafin ya fi daɗi shi ne wurin gwajin Benjamin Libet na 1983. An zaunar da mutane, an manna musu wayoyi a ka, aka ce kowa ya motsa hannu lokacin da ya ga dama, yana kallon wani agogo. Sai aka ga ƙwaƙwalwa ta soma shiri kusan sulusin daƙiƙa kafin mutum ya ji ya yi niyya. Shi ke nan, aka ce ɗan Adam ba shi da zaɓi. Tallis ya ce a dakata. Wannan mai motsa hannun ai tun da farko ya ji labarin gwajin, ya amince, ya tsayar da rana, ya tashi da safe ya kama hanya, ya saurari bayani ya fahimta. Motsin hannun wutsiyar wannan doguwar niyya ce, ita aka yanke aka auna, aka bar gangar jikin. Ban taɓa ganin an warware wannan ƙulli cikin sauƙi haka ba.

Haka yake yi da cin abinci. Dabba na ci, mu ma muna ci, amma a bayan akushi guda akwai manomi, da ɗan kasuwa, da kuɗi, da mai girki, da lokacin da aka sa, da baƙon da ake jira. Kama da wane ba wane ba ce.

Sai dai likitan ya tauye dabbobi. Tun 1960 Jane Goodall ta ga birai a Gombe ta Tanzaniya suna gyara tsinke su zaƙulo gara, Frans de Waal kuma ya rubuta yadda suke sulhu bayan faɗa. Tallis ya san duk wannan, amma yakan wuce shi da sauri, kamar mai gudun kada hujjarsa ta jiƙe. Ga shi da yawan magana, da ba'ar da wani lokaci takan rufe hujjar. Kuma da aka zo kan tambayar mene ne hankali, daga ina ya ɓullo, rusawarsa ta fi gininsa ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ma bai yi da'awar ya gano bakin zaren ba.

Duk da haka ina ba lauyoyi da alƙalai shawarar su nemi sashen da ya taɓo shari'a, inda ake kawo hoton ƙwaƙwalwar wanda ake tuhuma don a nuna wai ita ta sa shi. Tambayar Tallis a nan mai wuya ce: in haka ne, wane aiki ne, mai kyau ko mummuna, ba ita ta sa ba?