Daɓen Katako da Hukuncin Hunturu

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta kunno kai a gidajen masu hali na Kano da Kaduna da Abuja, wadda a dā ba a cika ganinta ba sai a tsofaffin gidajen da Turawa suka bari, wato shimfiɗe ƙasan ɗaki da katako tsantsa, falanki na bin falanki, a goge shi a shafe shi har ya riƙa ɗaukar ido. Iyayenmu mata sun san daɓen marmara, wanda ake taruwa gayya a buge shi da madaɓi ana yayyafa masa ruwan makuba har ya yi ƙarfi. Bayansa siminti ya zo, terazo ya biyo, leda da kafet suka yi zamaninsu, tayil ya kore su duka. Yanzu ga katako. Ni ba na cikin masu ƙyamar abu don kurum baƙo ne, kuma na yarda cewa daɓen katako yana da falalar da tayil ba shi da ita, domin ba ya ɗaukar sanyin da ke sa tsoho ya ji tsoron sauke ƙafa da asuba, kuma tangaran in ya faɗi a kansa sau da yawa yakan tsira. Abin da nake inkari shi ne yadda ake sayensa da ido, a kafa shi cikin gaggawa, alhali kuwa duk cikin kayan gini babu wanda ya fi shi bukatar haƙuri da tadbiri.

Ya kamata tun farko mai saye ya san abin da ake miƙa masa, don abubuwa uku ne suke yawo a kasuwa da suna ɗaya. Akwai wanda hoton itace ne kawai aka manna a kan garin katako da aka matse, wanda wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Perstorp ya ƙago a 1977. Wannan in ya goge ko ya kumbura, magana ta ƙare. Akwai wanda ainihin itace ne, amma ɓawo siriri a kan filawud. Sai na uku, wanda a kansa nake magana, itace ne tun daga samansa har ƙasansa, kaurinsa milimita 18 zuwa 20 a galibi, kowane falanki da harshe a gefe ɗaya da tsagi a ɗaya gefen don su shiga juna. Kuma darajarsa ita ce in fuskarsa ta tsufa ana iya kankare ta da injin samfefa a sake shafe ta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har ya ga jikokin wanda ya kafa shi.

Amma wannan daraja tana tare da wata ɗabi'a wadda Allah Ya halicci itace da ita, kuma sara da zarto da tsawon zamani ba su raba shi da ita: yana shan laimar iska idan ta yi yawa ya kumbura, yana sakinta idan ta yi ƙaranci ya tsuke, kuma wannan motsi kusan duka a faɗinsa yake, a tsawonsa kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. To, a ƙasashen da muka kwaikwayo wannan ado daga gare su ana busar da katakon daɓe a cikin tanderu na musamman har ruwan jikinsa ya daidaita da iskar ɗakunansu. Mu kuwa muna zaune ne a inda laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar hunturu, sa'an nan ta haura kashi 70 a watan Agusta. Kuma itacen da aka bari ya daidaita da iska ta farko ruwan jikinsa bai fi kashi 4 ko 5 cikin ɗari ba, alhali a ta biyu yakan kai kashi 13 ko fiye. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: ko da kashi ɗaya cikin ɗari kaɗai faɗin katakon ya ƙaru, ɗakin da faɗinsa mita 4 ne sai ya nemi ƙarin santimita 4, kuma idan bango ya hana shi, to, sama zai nufa.

Daga nan mas'alar lokaci ta taso, wadda ban taɓa jin mai gida ya tambayi kafinta a kanta ba. Wanda ya kafa daɓensa a Janairu, katako yana busasshe ƙarau, ya matse falankan tsam don ya yi kyau, damina za ta tashe shi ya yi tozo a tsakar ɗaki. Wanda ya kafa nasa a Agusta kuwa, hunturu zai buɗe masa tsaguna waɗanda ƙura da yashi za su cika, ta yadda ko damina ta dawo falankan ba za su koma mazauninsu daidai ba. A ganina lokacin da ya fi dacewa a Arewa shi ne kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin iskar hunturu ta kankama, domin a sa'an nan itace yana tsaka-tsaki, sai rabin motsinsa ya tafi nan, rabi can. Haka kuma, kishiyar abin da ido yake so, falanki siriri mai faɗin santimita 7 ko 9 ya fi mai faɗin 18 zama lafiya a ƙasarmu, saboda motsin ya rarrabu a kan mahaɗai masu yawa, kowace ta ɗauki ɗan abin da ido ba zai kula da shi ba.

Mafi yawan katakon da ke kasuwanninmu, irin ta 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano, daga dazuzzukan Kudu yake fitowa, kuma an yanko shi ne domin rufi da ƙofa da kujera, sau da yawa da sauran ɗanyantakarsa. Wannan ba aibin 'yan kasuwa ba ne, don ba su ce daɓe suka kawo ba. Wajibi ne ga mai son daɓe ya sayi katakonsa da wuri, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ya ga hunturu guda aƙalla kafin a kai shi inji a fere; bayan an fere kuma ya yi mako biyu a cikin ɗakin da zai zauna. Kankaren da ke ƙasa ma yana da nasa sharaɗi, don magina sun daɗe da ƙa'idar cewa kowane inci na kaurinsa yana neman kimanin wata guda kafin ya bushe, kuma ko ya bushe sai an shimfiɗa leda mai kauri ta tare laimar da ke tasowa daga ƙasa, sa'an nan a kafa tubaitu a buga falanka a kansu, ko kuwa a manna su da gam irin wanda ba ya ƙagewa. A bar tazarar milimita 10 zuwa 15 a gindin kowane bango, sikatin ya rufe ta. Mai gidan da ya sa ranar tarewa kafin ya sayi katako ya riga ya warware dukan waɗannan sharuɗɗa, kuma in abu ya ɓaci, kafinta ne zai sha zagi.

Game da zaɓen itace, babban alƙali a wurinmu gara ce. Kakanninmu ba su zaɓi azarar giginya don rufin soro da ka ba. Loko, wanda Yarabawa ke kira iroko, yana da juriya ga gara da ruɓa, kuma motsinsa kaɗan ne, ko da yake kafintoci suna ƙorafin duwatsun da akan tarar a cikinsa masu dakushe zarto. Kawo ya fi shi tauri, kuma yana cikin itatuwan da suka fi kowanne zama wuri ɗaya. Akwai tik, wanda asalinsa na Asiya ne amma an daɗe ana shuka shi a Nijeriya, har da gandun dajin Nimbia a kudancin Jihar Kaduna. Yana da maiƙo a jikinsa, sai dai na shuka wanda aka sare da ƙuruciya farin gefensa yana da yawa, farin gefe kuwa a kowane itace abincin gara ne. Obeche da malaina masu laushi ne, ƙafar kujera ma ta isa ta lotsa su, kada arha ta ruɗi kowa. Madobiya kuwa, duk da kyawun jikinta, ba na ba da shawararta, domin saran da aka yi mata a Taraba da maƙwabtanta don kai wa ƙasar Sin ya kai har an sa ta cikin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu tun 2017. Kuma ban ga maslaha a cikin mutum ya ƙawata ƙasan ɗakinsa da abin da ya tsiraita dajin wasu ba.

Saura mas'alar da ta fi damuna, wadda masu tallar wannan kaya ba su ambatonta, wato ruwa. Gidan Musulmi gida ne na buta: ana alwala sau biyar, ana fitowa daga makewayi da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ga yara ƙanana, kuma a mazhabar Malikiyya najasa ba ta gushewa sai da ruwa mai tsarki mai tsarkakewa. Uwar gida da yaro ya yi wa fitsari a ɗakin da take salla ba za ta wadatu da busasshen tsumma ba, kuma tana da gaskiya. A kan tayil sai ta kwarara ruwa ta share. A kan katakon da hunturu ya buɗe, ruwa da najasar duka za su gangara inda hannu ba ya kaiwa. Abin mamaki, a fadar Versailles ta Faransa ma sha'anin wanki ne ya kawo daɓen katako mai zane a 1684, sa'ad da aka ga yawan wanke daɓen dutsen marmar yana ruɓar da katakan da ke ɗauke da shi. Wato tun asali an zaɓe shi ne domin wurin da ba za a riƙa kwarara ruwa ba. Saboda haka hukuncina shi ne a sa shi a turakar mai gida, da ɗakin karatu, da ɗakunan bene inda gara da laimar ƙasa suke da nisa, a bar wa tayil ɗakin yara da madafa da bakin makewayi da falon da jama'a ke cin abinci a ƙasa.

Inda aka sa shi kuwa, kulawarsa ba ta da wuya ga wanda ya san abokan gabansa. Al'adarmu ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ta riga ta ɗauke rabin aikin, tun da yashi ne ke cinye shafen. A share da tsintsiya mai laushi, a goge da tsumman da aka matse sosai, abin da ya zube a tsane shi nan take, kada a kusance shi da ruwan bilic. A liƙa ƙyalle mai kauri a ƙafafun kujeru da gado. Kaskon turaren wuta kada ya sauka a kansa sai da faranti a ƙarƙashi, domin garwashi ɗaya ya isa ya bar tabon da sai injin samfefa zai fitar. Tsakanin shafe biyu da ake yi masa, ni na fi son mai a kan folish mai ƙyalli: folish ya fi tare ruwa, amma in ya kwarzane a wuri guda sai an kankare ɗakin baki ɗaya, mai kuwa yana shiga jikin itace, ana iya gyara inda ya lalace kaɗai, illa dai yana neman a sabunta shi kamar sau ɗaya a shekara. Siraran tsagunan da mai gida zai gani a Fabrairu kuwa, kada ya yi saurin kiran kafinta ya cike su da gam da garin katako, domin wurin da ya toshe shi ne wanda falankan za su nema a watan Yuli.