Wa Ya Riƙe Alƙalamin? Nazarin Ra'ayin Mai Karatu a kan Labaran Gaskiya na Hausa

Akwai ɗalibin da kan ɗaura niyyar karance littattafan zube waɗanda ba ƙagaggu ba kafin ƙarshen zangon karatu. Yakan jera su bisa shekarun fitowarsu, in ya gama ɗaya ya rubuta ra'ayinsa, ya ɗauki na gaba. Niyyar mai kyau ce. Sai dai ra'ayin da ke fitowa daga irin wannan karatu kusan kullum ɗaya ne: labarin Dorugu Hausarsa ta yara ce, ga wuyar bi, Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam kuwa Hausa ce tsantsa. Wannan hukunci yana da rauni, domin an yanke shi ba tare da an tambayi yadda kowane labari ya hau takarda ba.

Dorugu ɗan ƙasar Damagaram ne. An kama shi bawa yana yaro, aka kai shi Barno, inda Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi. Bayan mutuwar Overweg a 1852 ya bi Heinrich Barth har Tumbutu, sannan suka isa Ingila a 1855. A can ne ya ba da labarin rayuwarsa da baki, bai kai shekara 20 ba, J. F. Schön yana rubutawa. Labarin ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Abin lura shi ne, Schön ɗan mishan ne mai tattara harshe domin nahawu da ƙamus, wanda ya koyi Hausa da girmansa, kuma rubutunsa bai bambanta ɓ, ɗ, ƙ da b, d, k yadda ake yi yanzu ba. Saboda haka tuntuɓen da ɗalibi ke yi a kowane layi, galibinsa na kunnen marubucin ne da ƙa'idar rubutunsa. Gajerun jimlolin ma ba abin mamaki ba ne ga wanda ke magana yana jiran alƙalami ya cim masa. Duk wanda ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, yana maido da baƙaƙen da suka ɓace, zai ji muryar matashi mai kaifin ido, wanda ya zuba wa Turawa ido a teburin cin abincinsu kamar yadda su suka saba zuba wa wasu.

Imam kuwa da hannunsa ya rubuta. Ya je Ingila a 1943 cikin tawagar ƴan jaridar Afirka ta Yamma, yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, littafin ya fito a 1944. Daɗin salonsa ba a musunsa. Amma baƙo ne na waɗanda suka gayyace shi, ana tsakiyar yaƙi, kuma hukumar talifi ta Zariya, wadda Rupert East ke shugabanta, ita ce hanyar fitar littafin. Santsin Hausar kan sa ɗalibi ya manta da wannan, ya ɗauki duk yabon da ke ciki a matsayin shaidar ido kawai. A nan aikin mai nazari ya fi wuya, don sai ya lura da inda marubucin ya tsawaita da inda ya wuce da sauri.

Labarin Baba ta Karo ma haka yake: Mary Smith ta ɗauke shi daga bakinta a 1949 da 1950, ya fara fitowa da Ingilishi a 1954, na Hausar sai bayan shekaru masu yawa. Ɗalibin da ya sa shi a jerinsa bisa shekarar bugu zai rasa ma wace shekara zai rubuta masa.