Bangon Wasannin Harbi da Hamadar da Aka Kwashe wa Mutane

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Haka abin yake ga littafi da fim, haka kuma yake ga wasan bidiyo: kafin mai saye ya san abin da ke ciki, da fuskar kayan yake fara yin ido biyu. A da, wannan fuska tana jikin kwalin faifai ne, a jere bisa kanta. A yau ta koma ɗan hoton da bai fi farcen babban yatsa ba, a kantunan intanet irin su Play Store da Steam, inda saurayi a Arlit ko Akokan ke zaɓen abin da zai sauke a wayarsa. Wasannin harbi, kamar Free Fire na 2017 da PUBG Mobile na 2018 da Call of Duty Mobile na 2019, suna cikin waɗanda suka fi gwanancewa wajen wannan talla, saboda haka ya dace a yi wa bangonsu nazari irin wanda ake yi wa kowane matani.

Da farko, wajibi ne a yi wa masu zanen adalci, domin aikinsu sana'a ce mai ƙa'ida. Hoton da za a gani cikin ƙiftawar ido, a tsakanin ɗaruruwan irinsa, ba ya ɗaukar tarkace. Sukan tsayar da mutum guda a tsakiya, mai siffar da ake ganewa ko da an ƙanƙanta ta, su zaɓi launi biyu masu karo da juna, sannan su rubuta sunan wasan da manyan baƙaƙe. Tun a 1993 bangon Doom, wanda Don Ivan Punchatz ya zana, ya nuna soja ɗaya bisa tudu, dodanni na miƙo hannu daga ƙasa. Bangon Battlefield 3 na 2011 ya haɗa shuɗi da ruwan goro a jikin sojan da ke tahowa gaba-gaɗi. Na PUBG kuwa mutum ne da farar riga da laktaye, kansa cikin kwalkwalin ƙarfe. Rufe fuskar ba kuskure ba ne: an ɓoye ta ne domin mai kallo ya ɗora tasa a gurbin. A watan Satumba na 2022 kamfanin Valve, mai kantin Steam, ya hana cika waɗannan hotuna da makin yabo da sunayen kyaututtuka, abin da ya ƙara wa zanen kansa nauyi.

Sai dai gwanintar da kasuwa ke ja wa akala takan kauce wa gaskiya. Lokacin da aka soki bangon BioShock Infinite, wanda ya fito a 2013, shugaban aikin, Ken Levine, bai ɓoye ba cewa an zana namiji da bindiga a kafaɗa ne domin jawo samarin da ba su san wasan ba, aka tura Elizabeth, wadda labarin ya rataya a wuyanta, zuwa bayan kwali. Bangon Battlefield 1 na 2016 ya ɗauki baƙar fata daga rundunar Amurka da ake kira Harlem Hellfighters, amma a cikin labarin wasan rundunar ba ta wuce ɗan gajeren mabuɗi ba. A duka biyun bango ya yi alkawarin da cikin bai cika ba.

Babban abin lura, duk da haka, yana bayan jarumin ne. Wannan nau'in wasa ya daɗe da ƙaunar hamada, daga filin Dust II na Counter-Strike a 2001 zuwa filin Miramar na PUBG a 2017. A hotunan talla, rairayi shi ne labulen da ya fi sauƙi: launinsa ɗaya ne, yana fito da baƙar siffar mai bindiga, kuma babu kowa a cikinsa. Babu rijiya, babu garke, babu mace mai tallar abinci a tasha. Duk wanda ya ɓullo daga wannan fili, an riga an shirya ido ya ɗauke shi abokin gaba.

Wanda ya san Asamaka ya san cewa hamada ba haka take ba. Wannan ɗan gari na kan iyakar Nijar da Aljeriya, kimanin kilomita 200 daga Arlit, mashiga ce ta manyan motocin kaya da fatake da matafiya. A tazarar kilomita 15 daga garin akwai wurin da ake kira Point Zéro, inda ake sauke baƙin hauren da aka koro daga Aljeriya, su tako da ƙafa cikin rana ko sanyin dare. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a shekarar 2024. Ga siffar mutum shi kaɗai a tsakiyar rairayi, irin wadda bangon wasa ke so, amma abin da ke hannunsa jarkar ruwa ce.

Haka nan Arlit ta san bindiga ba ta fuskar wasa ba. A watan Satumba na 2010 an sace mutum 7 a garin, masu alaƙa da kamfanonin uraniyom, kuma a ranar 23 ga Mayu 2013 an kai harin ƙunar baƙin wake a ma'aikatar SOMAÏR, a rana ɗaya da harin barikin soja na Agadas. Yaron da ya tashi a inda iyayensa ke tuna waɗannan ranaku, shi ne ake miƙa wa hoton da ke cewa ƙasa irin tasa fili ne na gwajin harbi, kuma jarumin cikinta baƙo ne.

Inda aka saka mutanen Afirka a hoton ma, sau da yawa an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tallar Resident Evil 5 da aka nuna a 2007 ta tayar da ƙura, domin an ga Bature yana harbin taron baƙaƙen fata da cuta ta haukata. A 2012 Call of Duty: Black Ops II ya saka Jonas Savimbi na Angola, wanda aka kashe a 2002, a matsayin mayaƙi mai kirarin kisa. Ƴaƴansa sun kai ƙara a Faransa suna neman diyyar yuro miliyan 1, kotun Nanterre ta yi watsi da ƙarar a 2016. Ko me mutum ke gani game da tarihin Savimbi, shari'ar ta tuna wa masu wasa cewa waɗanda ake zanawa suna da dangi.

Ba ana nufin kowane bango ya zama wa'azi ba. Ana nufin a faɗaɗa ma'aunin nagarta. Bango mai kyau shi ne wanda ya ja ido, ya faɗi gaskiyar abin da ke ciki, kuma bai share mazauna wuri domin sauƙin zane ba. Akwai shaidar cewa hakan na yiwuwa. Wasan This War of Mine, da wani kamfanin Polan ya fitar a 2014 bisa abin da ya faru a ƙawanyar Sarayebo, ya gina tallarsa a kan fararen hula masu neman tsira, ya samu kasuwa, har gwamnatin Polan ta sanar a 2020 cewa za a saka shi cikin karatun zaɓi na ɗaliban sakandare. A gida kuma, fim ɗin Amina Weira na 2016, La Colère dans le vent, ya nuna Arlit da iskarta da ƙurarta, amma cike da fuskoki da muryoyi.

Daga ƙarshe, aiki ya rage ga malamai da ƙungiyoyin al'adu. Hana yara wasa ba zai yi nisa ba, tunda wayar tana aljihunsu. Abin da ya fi amfani shi ne a kawo bangon cikin aji, a darasin Hausa ko na Faransanci, a ɗora shi kusa da bangon littafin soyayya na Kano ko fastar fim ɗin Hausa, a tambayi ɗalibai: wa ke tsakiya, wa ke baya, wa aka cire? Sannan a ba su takarda su zana bangon wasan da zai faru a hanyar Arlit zuwa Asamaka, a ga ko direban babbar mota da mai haƙar rijiya za su samu gurbi. Ɗalibin da ya koyi karanta hoto haka, ba zai ƙara kallon rairayin ƙasarsa da idon mai talla ba.