Wahala a Matsayin Fansa: Tarken Wasiƙar Fafaroma John Paul na Biyu, Salvifici Doloris

Gabatarwa

Haƙuri kalma ce da Musulmi da Kirista masu magana da Hausa suka yi tarayya a kanta. An kammala fassara Littafi Mai Tsarki na Kiristoci zuwa Hausa a 1932, kalmomi irin su haƙuri da jimrewa da fansa suka zauna daram a harshen coci. Wannan tarayya ta lafazi takan sa ɗalibin ilmi ya zaci ma'anar ma ɗaya ce. Wani kuwa yakan karkata zuwa ɗaya gefen, ya ɗauka Kiristanci yana son wahala don zatinta. Duka zato biyun kuskure ne, kuma sananniyar ƙa'ida ce a wurin malamai cewa ba a hukunta abu sai an fahimci haƙiƙaninsa. Don haka wannan tarke ya ɗauki nassi guda mai nauyi a Cocin Katolika, wato wasiƙar Salvifici Doloris, domin a auna hujjojinta da adalci.

Marubucin da yanayin rubutun

An fitar da wasiƙar ranar 11 ga Fabrairu, 1984. Sunanta na Latin ne, yana nufin wahala mai kawo ceto. Marubucinta, Karol Wojtyla, ɗan ƙasar Poland ne da aka haifa a 1920, ya riƙe kujerar Fafaroma daga 1978 zuwa rasuwarsa a 2005. Mahaifiyarsa ta rasu a 1929, yayansa a 1932, mahaifinsa a 1941, ya kuma yi aikin fasa dutse lokacin da Jamus ta mamaye ƙasarsa. Ranar 13 ga Mayu, 1981, Mehmet Ali Agca ya harbe shi a dandalin St. Peter, a Disambar 1983 ya ziyarci maharbin a kurkuku, makonni kaɗan kafin fitowar wasiƙar. Wannan tarihi yana bayyana dalilin da ya sa harshen wasiƙar ya fi kama da na wanda ya ɗanɗana ciwo fiye da na mai jidali. Sai dai gaskiyar zuciyar marubuci daban take da ingancin hujjarsa, kuma hujjar ce abin dubawa a nan.

Ginin hujjar

Wasiƙar tana da sassa takwas da sakin layi 31, hujjarta kuma tana tafiya a matakai huɗu. Na farko, wahala ta fi ciwon jiki faɗi. Ta haɗa da ta ruhi, irin su rashin haihuwa da gudun hijira da butulcin abokai, kuma mutum yana shan ta ne saboda an hana shi wani alheri. Na biyu, Littafin Ayuba ya rusa da'awar cewa kowace wahala uƙuba ce ta zunubi, domin abokan Ayuba uku sun dage sai ya yi laifi, nassin kuma ya ƙaryata su. Na uku, marubucin ya ce cikakkiyar amsa ba ta zo ba sai a kan gicciye, inda, bisa aƙidar Kirista, marar laifi ya ɗauki zunubin mutane da son ransa. A nan ya dogara da sura ta 53 ta Littafin Ishaya da sura ta 3 ta Linjilar Yohanna. Na huɗu, tunda da wahala aka yi fansa, to wahalar kanta an fanshe ta, kuma duk mai shan ta ana kiransa ya haɗa tasa da ta Almasihu. Daga nan ya rufe da misalin Basamariye mai tausayi na sura ta 10 ta Linjilar Luka.

Inda ta yi ƙarfi

Insafi ya wajabta a yarda cewa mataki na biyu ya tsaya da ƙafarsa. Raba musiba da zunubi yana kare marar lafiya daga azaba ta biyu, wato zargin maƙwabta. Malamin Musulunci ba zai ji wannan baƙo ba, domin ya zo a hadisin Tirmizi cewa annabawa ne suka fi kowa shan jarrabawa.

Ƙarfi na biyu yana cikin sashe na bakwai. A sakin layi na 30 marubucin ya fito fili ya ce ma'anar da yake bai wa wahala ba kira ba ne zuwa naɗe hannu. Ya kafa hujja da sura ta 25 ta Linjilar Matiyu, inda aka mayar da ciyar da mayunwaci da duba marar lafiya ma'aunin hukunci a ranar ƙarshe. Mai karatu Musulmi zai tuna hadisin ƙudusi na Sahihu Muslim da ke zargin bawa a ranar ƙiyama kan rashin duba marar lafiya da rashin ciyar da mabuƙaci. Marubucin ya kuma bi maganarsa da aiki: a 1992 ya kafa Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, aka fara kiyaye ta ranar 11 ga Fabrairu, 1993. Saboda haka duk wanda ya ce wasiƙar tana koyar da son ciwo bai yi mata adalci ba.

Inda ta yi rauni

Rauni na farko yana cikin ginshiƙinta. An ɗora wasiƙar a kan aya ta 24 ta sura ta 1 ta wasiƙar Kolosiyawa, inda Bulus ke bayyana wahalarsa a matsayin cike abin da ya rage daga wahalhalun Almasihu. Amma sura ta 10 ta wasiƙar Ibraniyawa tana tabbatar da cewa hadayar ta auku sau ɗaya kuma ta wadatar. Idan fansar ta cika, me wahalar mai bi take ƙarawa? Idan kuwa tana ƙara wani abu, ina cikar? A sakin layi na 24 marubucin ya amsa cewa fansar cikakkiya ce, ba mai iya ƙara mata kome, amma ta zauna a buɗe ga duk ƙaunar da ke bayyana cikin wahalar mutane. Wannan jawabi ya siffanta ishkalin da kyakkyawan lafazi, bai warware shi ba, domin a ƙarshe kalmar cikewa ta koma majazi, alhali a kanta aka gina hukuncin. Da yawa daga malaman Furotesta suna fassara ayar da wahalar da Bulus ya sha wajen isar da saƙo, ba tarayya a fansa ba. Masu wa'azin wadata a wasu cocin Fentikos na Nijeriya kuwa sun yi nisa zuwa kishiyar haka, suna ganin cuta da talauci abin kora ne da ƙarfin bangaskiya. Don haka kuskure ne a jingina matsayar wasiƙar ga Kiristoci baki ɗaya.

Rauni na biyu shi ne yadda aka karanta Ayuba. Littafin yana da surori 42, kuma babban rabon maganar Ayuba a cikinsa kuka ne da neman bayani, har a sura ta 3 ya la'anci ranar haihuwarsa. Duk da haka a sura ta 42 shi aka gaskata, abokansa aka zarga. Wasiƙar ta ambaci wannan, amma ta yi gaggawar mayar da Ayuba ishara ga gicciye, sai kokensa ya zama tambaya mai jiran amsa kawai. Gustavo Gutierrez, malamin Katolika ɗan Peru, a littafinsa kan Ayuba na 1986, ya nuna cewa koken marar laifi kansa hanya ce ta yi wa Ubangiji magana da gaskiya. Wannan ya fi kusa da zahirin nassin.

Rauni na uku ya fi sauran haɗari a aikace. Wasiƙar ta yi wa mai wahala dogon jawabi, ta yi wa mai taimako jawabi, amma ta taƙaita a kan wanda ya jawo wahalar. Ciwon daji da dukan miji azzalumi ba su ɗaya ba ne, amma kiran a miƙa wahala hadaya bai tsaya ya rarrabe su yadda ya kamata ba. A misalin Basamariye ma an ɗaure raunin matafiyi, ba a koma kan 'yan fashin ba. Tun a 1973 Dorothee Sölle ta Jamus ta gargaɗi Kiristoci game da tsarkake wahala. A 1993 Delores Williams ta Amurka, a littafinta Sisters in the Wilderness, ta ɗauki ƙissar Hajara ta nuna yadda koyarwar ɗaukar nauyin wani ta zama sarƙa ga mata baƙar fata waɗanda bauta ta tilasta wa ɗaukar nauyin wasu. Waɗannan suka daga cikin gida suka fito, ba daga abokan hamayya ba.

Muwazana da sabr

Bambancin asali na aƙida ne. Aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta kore kashe Annabi Isa (AS) da gicciye shi, aya ta 38 ta Suratun Najm kuma ta kore ɗaukar laifin wani. Don haka musiba a Musulunci jarrabawa ce, kaffara ce ga mai ita, ɗaukakar daraja ce, amma ba ta fansar zunubin kowa. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751 H), a Uddatus Sabirin, ya kasa sabr gida uku: a kan ɗa'a, da ga barin saɓo, da a kan ƙaddara mai ɗaci. Ya kuma bayyana cewa kai kuka ga Allah ba ya warware haƙuri, kamar yadda Annabi Yaƙub da Annabi Ayyub (AS) suka yi. Wannan rarrabewa ta ba koke gurbin da wasiƙar ta ƙuntata.

Akwai kuma mas'alar jarirai da mahaukata. Amsar wasiƙar ta fi dacewa da baligi mai hankali da zai iya miƙa wahalarsa da niyya. Wanda bai san abin da yake ciki ba, ba ta yi masa tafsili ba. Malaman kalam sun daɗe a kan wannan: Mu'utazilawa, irin su Alƙali Abdul Jabbar (ya rasu 415 H), sun ce wajibi ne a musanya wa yaro da dabba azabarsu da sakamako, Ash'arawa suka ƙi wajabta wa Allah kome. Saɓanin nasu shaida ne cewa tambayar tana da wuya a kan kowa.

Kammalawa

Salvifici Doloris ta yi nasara wajen wanke mai wahala daga zargi da wajabta taimakonsa, ta gaza wajen daidaita cikar fansa da tarayyar mai bi, da kuma wajen raba musibar ƙaddara da zaluncin mutum. Rauninta na uku darasi ne ga mai wa'azi Musulmi ma. Idan aka ce wa matar da ake zalunta ko leburan da aka danne wa lada su yi haƙuri, aka yi shiru ga azzalumin, to an ɗora kalmar a inda shari'a ba ta ɗora ta ba, domin aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Ɗalibin da zai tattauna da Kirista a kan wannan batu ya fara da tantance wace coci yake magana da ita, da kuma wace irin wahala ake nufi. Allah ne Mafi sani.