Gwanintar Malamin da Ke Buɗe wa Ɗalibai Ƙofar Ilimin Akanta

A duk jami'a ko kwalejin fasaha da ke da sashen kasuwanci, daga Ahmadu Bello ta Zariya zuwa Bayero ta Kano da Foliteknik ta Kaduna, akwai darasin da sabon ɗalibi ba ya iya kauce masa, wato gabatarwa ga ilimin akanta. Yawancin masu cika ajin ba akantoci suke son zama ba. Wani harkar banki ce ta kawo shi, wata dabarun talla, wani kuma mahaifinsa na jira ya gama ya karɓi shago a Kantin Kwari. Da yawa sun shigo a tsorace, don an ce musu darasin lissafi ne zalla. Malamin da zai karɓi irin wannan aji, bayan zango biyu ya sallame su suna iya duba takardun kuɗin kamfani su faɗi ko yana da lafiya, gwani ne na gaske, kuma aikinsa ya isa a tsaya a duba yadda yake yin sa.

Irin wannan malami ba ya fara da haddar ƙa'idoji. Ranar farko sai ya buɗe wa ajin gidan burodi a kan allo. Ya ce mai gidan ya zo da jarinsa na naira miliyan 2, ya ranto miliyan 1 daga banki. "Nawa ke hannunsa?" Aji ya amsa miliyan 3. "To, duka nasa ne?" Sai a yi shiru, can wata ɗaliba ta ce, "A'a Malam, miliyan ɗaya ta banki ce." Da bakinsu suka faɗi ginshiƙin fannin baki ɗaya: duk abin da sana'a ta mallaka, ko dai na masu bin ta bashi ne, ko na mai jari. Sai mai gidan burodin ya sayi tanda ta naira miliyan 1.2. Ɗalibai su ce kuɗi ya ragu. Malam ya yarda, amma ya tambaye su ina ya tafi. Tsabar kuɗi ta koma miliyan 1.8, tanda ta shigo da darajar miliyan 1.2, jimilla tana nan miliyan 3. Littafin ciniki kamar sikelin 'yan hatsi yake, duk abin da aka ɗora a wannan gefe sai an ga nauyinsa a wancan. Sai wannan ya zauna daram a ƙwaƙwalwarsu sannan malam zai ambaci debit da kiredit, ya ce ɗaya gefen hagu ne, ɗaya gefen dama. Wanda ya fara da waɗannan kalmomi biyu tun makon farko yakan rasa rabin ajinsa, su koma hadda ba fahimta.

Tsarin rubuta kowane ciniki sau biyu ya daɗe. Wani masanin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya bayyana shi a littafin da aka buga a birnin Venis a 1494, kuma ba shi ya ƙirƙiro shi ba, abin da fataken garin ke yi ne ya tsara a rubuce. Malamin kirki yakan tuna wa ɗalibansa cewa rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a wurinsu: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ɗan kasuwar da ke ƙirga hajarsa da kuɗinsa da basussukansa duk shekara don fitar da zakka, ya riga ya taka rabin hanya.

Inda gwaninta ke fitowa fili shi ne ranar da za a raba riba da tsabar kuɗi. Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, nan ne kuma 'yan kasuwa da yawa ke karyewa ba su san abin da ya karya su ba. Gidan burodin ya ba masu shayi burodin naira 300,000 bashi, wanda ya ci naira 200,000 wajen yin sa. An ci riba? An ci, naira 100,000, littafi ya nuna. Amma aljihun tebur wayam, ga mai fulawa a ƙofa yana jiran kuɗinsa. Malam ba ya gaggawar warware wannan. Yakan bar su su yi ta musu, wasu na cewa ribar da ba a riƙe a hannu ba ai ba riba ba ce, wasu na cewa kaya sun fita don haka ciniki ya faɗa. Sai musu ya yi zafi ya nuna musu cewa kowane ɓangare na da gaskiyarsa, shi ya sa ake fitar da takardu daban-daban: ɗaya ta riba da faɗuwa, ɗaya ta shige da ficen tsabar kuɗi, ɗaya ta dukiya da bashi. Daga nan ya dawo kan tandar nan. Idan za ta yi aiki shekara 5, bai dace a ɗora wa watan farko duk kuɗinta ba. A raba: naira 240,000 a shekara, 20,000 a wata. Ba wanda zai zo karɓar wannan dubu ashirin, amma tanda na tsufa, kuma wanda bai cire ta daga ribarsa ba yana cin uwar kuɗinsa ne sannu a hankali.

Akwai ƙananan dabaru da ba a samu sai a hannun wanda ya daɗe da alli. Ɗalibi ya haɗa jimillar hagu da ta dama sun ƙi daidaita, gumi na keto masa. Malam ya leƙa ya ce, "Bambancin nawa ne?" Dubu tara. "Tara na raba shi? To, duba inda ka juya lamba." Sai ga shi ya rubuta 45,000 a maimakon 54,000. Idan kuma rabin bambancin ya yi daidai da wani ciniki, an ajiye shi ne a gefen da ba nasa ba. Amma malamin nan zai ƙara da gargaɗi: daidaituwar jimilla ba ta nufin littafi ya yi gaskiya, don cinikin da aka manta ɗungurungum ba zai taɓa nuna kansa a nan ba.

A zango na biyu fuskar darasin ke juyawa. Na farko ya koyar da yadda ake ba mutanen waje bayani, wato banki da masu hannun jari da hukumar haraji, bisa ƙa'idojin da kowa ya amince da su. Manyan kamfanonin Najeriya sun koma bin ƙa'idojin duniya na IFRS tun 2012. Na biyu kuwa na manaja ne, mai yanke shawarar gobe. Gidan burodin dai ba a sake shi ba. Haya da albashin mai gadi da tsufan tanda sun kama naira 300,000 a wata, ko an gasa ko ba a gasa ba. Kowane burodi na cin naira 700 na fulawa da sukari da yis da leda, ana sayar da shi 1,000. Ragowar 300 ita ke biyan wancan tsayayyen kuɗi, don haka sai an sayar da burodi 1,000 a wata kafin a fita daga faɗuwa.

Sai malam ya ɗana musu tarko mai daɗi. Gidan na sayar da burodi 1,500 a wata, kenan kowane ɗaya ya tsaya a kan naira 900 idan aka haɗa komai. Wata makarantar kwana ta zo tana son guda 500 a kan naira 850. Kusan duk ajin zai ce a ƙi, faɗuwa ce. Malam ya tambaya, "Idan an karɓa, haya za ta ƙaru?" Ba za ta ƙaru ba. Abin da zai ƙaru naira 700 ce kawai a kowane burodi, saura 150, sau 500 ya ba da naira 75,000 da ba don makarantar ba ba za a gan ta ba. Bai tsaya nan ba. Tandar na da sarari kuwa? Idan masu shayi suka ji an sayar wa wani a 850, me zai biyo baya? Ina ganin wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mafi daraja a duk zangon, domin tana koya wa ɗalibi cewa lamba na haska hanya ne, hukunci kuwa na mutum ne.

Ba ya kuma sallamar su bai yi maganar amana ba. Kamfanin Enron na Amurka ya rushe a 2001 bayan an gano basussukan da ya ɓoye, ya kuma ja kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen suka nutse tare. A gida, a watan Agustan 2009, Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar bayan bincike na musamman ya bankaɗo tarin basussukan da suka lalace. Duk waɗanda suka shirya irin waɗannan takardu sun iya debit da kiredit sarai. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Akintola Williams, ɗan Najeriya na farko da ya zama ƙwararren akanta a 1949, wanda ya taimaka wajen kafa ƙungiyar akantocin Najeriya, wato ICAN, a 1965, ya rasu a 2023 yana da shekara 104 da sunansa fes.

Manhajojin kwamfuta yanzu na rubuta ciniki su fitar da takardu cikin ƙiftawar ido, kuma ya kamata ɗalibi ya saba da manhajar Excel tun da wuri. Sai dai manhaja ba ta san an shigar mata da ƙarya ba, wanda ya fahimci tushen ne kaɗai zai lura.

Don haka kirana ga shugabannin sassan kasuwanci a makarantunmu shi ne, kada a mayar da ajin shekarar farko wurin gwajin sabon malami. A ba shi ga wanda ya fi kowa iya koyarwa a sashen, a rage cunkoso yadda zai iya duba aikin kowane ɗalibi, a kuma saka wannan aiki cikin abin da ake dubawa lokacin ƙarin girma.